Allurar zafi ba ta motsi: zan saka wa tsohuwar Mazda MX-5 geji na daban, ina neman shawara

Mai Miata: Assalamu alaikum 'yan zaure, da fatan an yini lafiya. Ina da Mazda MX-5, wadda ake kuma kira Miata, ƙirar 1992, mai inji 1.6, irin wadda fitilunta ke ɗagowa kamar idon kwaɗo. Wata takwas ke nan da na saye ta a nan Kaduna. Abin da ya hana ni sakat shi ne allurar zafi. Idan na tayar da mota da safe, cikin 'yan mintuna allura za ta hau ta tsaya ƙasa kaɗan da tsakiya, daga nan kuma ko gezau. Ko ina kan hanyar Zariya da asuba, ko ina cikin cunkoson kasuwa da azahar esi a kunne, wuri ɗaya take. Shekaranjiya da na kashe mota sai na ji lagireto yana ƙugi kamar tukunyar wake, allura kuwa tana nan inda take. Na sayo geji na lantarki mai faɗin milimita 52, sansarsa, wato ɗan abin da ke auna zafin ruwa, na cikin kwalin. A ina ya kamata a ɗaura sansar, kuma daga ina zan ja wuta? Ba na so in kai wa wanda zai yanka mini wayoyi barkatai.

Baba Makanike: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka saka komai, akwai tamostat a motar, abin nan da ke tare ruwa zuwa lagireto sai ya yi zafi? In akwai a cire shi, a haɗa fanka dairek, ka huta. Wannan abu na ƙasar sanyi ne.

Mai E36: Hhhh, Baba ya fara. Ko fancar taya ka kawo zauren nan sai Baba ya ce a cire tamostat.

Shugaban Zaure: Mai E36, a ja linzami. Baba ya girme mu duka a wannan sana'a.

Injiniyan Jos: Malam Mai Miata, da farko dai allurarka ba lalacewa ta yi ba, haka aka ƙera ta. Zafin ruwan inji kullum a cikin hawa da sauka yake: ka hau tudu ya ƙaru, ka gangaro ya ragu, fanka ta tashi ya faɗi. Da allura tana nuna wannan duka, da masu mota sun yi ta komawa wurin dillali suna cewa motarsu na ɗaukar zafi. Sai masu ƙera motoci da yawa suka sa allura ta riƙa zama a tsakiya muddin zafin na cikin wani faffaɗan zango. A irin motarka, tun ruwa yana wajen digiri 75 allura ta kai mazauninta, kuma sai ya wuce 100 da ɗan dama kafin ta fara ɗagawa. Ranar da ka ga ta motsa, ka riga ka makara ko kana dab da makara. Tof ɗin injin nan, wato kansa da ke rufe saman silinda, na alminiyam ne a kan bulok na ƙarfe, kuma alminiyam ba ya yafe zafi. Yana lanƙwashewa, gasket ya ƙone, mai ya haɗu da ruwa. Saboda haka shawarar da ka yanke ta saka geji na gaskiya daidai ce.

Mai E36: Mu ma a BMW haka abin yake. Allura a ƙarfe 12 kamar an manna ta da gam, sai dai ka ga jan wuta da tururi lokaci guda. Na taɓa gani da idona a wurin 'yan wasan mota.

Ɗan Maraɗi: Sallama daga Nijar. Ni dai da za ka ji tawa, da ka mayar da na lantarkin ka ɗauko wanda ba ya amfani da wuta, mai siririn bututun tagulla. Shi ne a tsohuwar Land Cruiser ɗina. Ko batir ya mutu yana aiki, ko ka kashe mota yana nuna maka zafin. Ba ruwansa da rewaya.

Rewaya: Ɗan Maraɗi, abincinmu kake so ka zubar ke nan? To ka faɗa masa sauran mana. Wannan bututun a cike yake da wani ruwa mai kumbura idan ya ji zafi, shi ke tura allura. Ba a yanke shi, ba a ƙara masa tsawo, in ya lanƙwashe sosai ko ya goga da ƙarfe ya huje, shi ke nan gejin ya zama ado. Sannan kansa da ake nutsawa a ruwa ƙato ne, sai an sami babban rami, kuma dole a wuce da wannan kan ta bangon da ke tsakanin inji da cikin mota. A Land Cruiser akwai filin da za a shimfiɗa tabarma. A 'yar motar nan hannu ma da ƙyar yake shiga bayan inji. Na lantarkin siririyar waya ɗaya ce za ta ratsa.

Ɗan Maraɗi: Na sallama, motar ƙarama ce.

Baba Makanike: Ban ji an amsa mini maganar tamostat ba.

Mai Miata: Akwai shi Baba. Da hannuna na saka sabo wata uku da suka wuce, an buga 82 a jikinsa.

Injiniyan Jos: Baba, ranka ya daɗe, a yi mini afuwa in ɗan ja da kai. Tamostat ba shi ke sa inji ya yi zafi fiye da kima ba. Aikinsa shi ne ya hana inji yin sanyi fiye da kima. Da zarar ruwa ya kai adadin da aka buga a jikinsa ya fara buɗewa, in ya ƙara digiri kamar goma zuwa goma sha biyar a kai ya buɗe gaba ɗaya. Daga nan abin da ya rage tsakanin lagireto ne da fanka da wotafom. Idan mota na tafasa alhali tamostat lafiyayye ne, cire shi ɓoye ciwo ne kawai. Kuma wannan motar injekta ce, tana da ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke auna wa inji fetur. In ƙwaƙwalwar ta ga ruwa bai ɗau zafi ba, sai ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara fetur. Da hunturu a nan Jos mota marar tamostat sai ta yi tafiya mai nisa ba ta kai 60 ba. Ga shan mai, ga fulogi na yin baƙi, ga baƙin mai yana sirkuwa da fetur.

Baba Makanike: Injiniya, abin da ke takarda na ji. Yanzu ka ji na gareji. Mutum zai zuba ruwan rijiya a lagireto shekara biyu, tsatsa da gishirin ruwa su kama tamostat, wata rana a tsakiyar daji ya ƙi buɗewa. Mai motar ba ya kallon allura, ko ya kalla ma ku da kanku kun ce ba ta faɗin gaskiya. Kafin ya ankara tof ya tafi. Na sauke tof da ba zan iya ƙirgawa ba saboda wannan ɗan abin. Ga jabu sun cika kasuwa, kwali iri ɗaya da na ƙwarai. Tsakanin ƙarin kuɗin fetur da kuɗin sauke inji, ni na san wanda talaka zai zaɓa.

Injiniyan Jos: Wannan gaskiya ne Baba, ban musa ba. Amma ka ga shi Mai Miata maganin wannan ɗin yake nema. Wanda yake da geji mai faɗin gaskiya zai ga zafi na hawa tun kafin ɓarna. Sai dai a nan ne zaɓen wurin ɗaura sansa ya zama babban al'amari.

Mai Miata: To ai shi ne tambayata. Mai kayan ya haɗa mini da wani guntun bututun alminiyam mai rami a gefe, ya ce in yanka tiyon sama na lagireto in saka shi a tsakani, in ɗaura sansar a ramin.

Ɗan Jamus: Barkanku da dare. A nan motar nan tana da yawa, da bazara sai ka yi ta ganinsu an sauke rufi, ni ma na riƙe ɗaya shekara huɗu. Bari in faɗi wani abu game da injin, don shi zai nuna inda ya kamata a auna. Asalin injin na Mazda 323 ne, inda yake kwance a gicciye. A can ruwa yana shiga ta gefe ɗaya, ya ratsa silinda huɗu, ya fita ta ɗaya gefen. Da aka zo yin MX-5, wadda ta fito a 1989, sai aka juya injin ya miƙe daga gaba zuwa baya, aka dawo da tamostat gaba kusa da lagireto. Ruwa ya koma yana shiga ta gaba yana fita ta gaba. Silinda ta huɗu da ke can ƙurya ba ta samun gudun ruwa kamar ta ɗaya, don haka bayan tof ya fi ko'ina zafi. Shi ya sa masu tsere da ita ke sake mata hanyar ruwa, su mayar da tamostat baya. Sansar allurarka ta asali ma a bayan tof take, mai waya ɗaya, kusa da koriyar sansa mai waya biyu ta ƙwaƙwalwa.

Tiyon sama shi ne mafi sauƙi, amma yana da aibu biyu. Yana bayan tamostat, don haka ba ka ganin komai sai tamostat ya buɗe. In kuma ya maƙale a rufe, irin abin da Baba yake tsoro, inji na dahuwa gejinka na nuna maka sanyi. Na biyu, idan ruwa ya ragu, tiyon sama ne ke fara zama wayam, sansa ta koma tana auna iska.

Mai E36: To ya cire sansar asali mana ya ɗaura sabuwar a raminta. Ai tsohuwar allurar ba ta da amfani.

Ɗan Jamus: Ana yi, amma kada ya kuskura ya ɗaura kai tsaye. Mai Miata, duba takardar gejin, me aka rubuta game da tiredin sansar?

Mai Miata: An rubuta 1/8 NPT.

Ɗan Jamus: Na yi zato. Wannan tiredin Amurka ne, haƙora 27 a inci ɗaya. Ramin da ke jikin tof ɗinka 1/8 BSPT ne, salon Ingila da Japan ke bi, haƙora 28 a inci. Yankan haƙorin ma ba ɗaya ba ne, wancan digiri 60, wannan 55. A ido ba za ka bambance su ba. Za ta shiga zagaye ɗaya ko biyu da hannu ta cije, kai kuma ka ɗauko sifana ka ce tauri ne kawai. Alminiyam ne zai ba da kai, tiredi ya sile ko wurin ya tsage, a bayan inji inda ido ba ya gani. Akwai ɗan adafta na tagulla da ke haɗa su, sai dai yana janye kan sansar daga cikin ruwa mai gudu, ya bar shi a lungun da iska ke iya taruwa.

Rewaya: Kuma don Allah kada wani ya ce a haɗa sabon geji da tsohuwar sansa. Kowane geji da sansarsa aka auna shi. Abin da ke cikinta wani ɗan abu ne da turjiyarsa ga wuta ke raguwa yayin da zafi ke ƙaruwa, kuma lissafin kowane kamfani daban. In ka gauraya, allura za ta motsa, amma lambar da take nunawa tatsuniya ce. Koriyar sansar nan ta ƙwaƙwalwa kuwa ko kallonta kada a yi. An taɓa kawo mini mota an jona geji a wayarta, motar tana hayaƙi tana ƙin zama a silo, an canja mata fulogi da nozul duk a banza.

Wuta kuma: ja daga layin da ke samun wuta sai an murɗa makulli, kamar na rediyo ko na laita, ka saka ƙaramin fiyus a kai. Wutar hasken geji daga layin ƙananan fitilu. Baƙar waya a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen mota, a kankare fenti. Wayar sansa ta bi ta zoben roba da ke bango, kada ta goga da bakin ƙarfe, a nesanta ta da salansa da wayoyin fulogi.

Hajiya Mai Golf: Ni tambaya ce da ni, ku yi haƙuri da katsalandan. Ɗana ya soka wani ɗan abu a ƙarƙashin sitiyarin motata, zafin ruwa na fitowa a wayarsa. Me ya sa ba za a yi haka ba a huta da yanke-yanke?

Injiniyan Jos: Hajiya, barka da zuwa. Wannan soket ɗin OBD2 ne. Sai daga 1996 aka wajabta shi a motocin Amurka, Turai kuma ta biyo baya a kan masu fetur wajen 2001. Motarsa ta girmi abin. Amma duk mai mota da ke da wannan soket, hanyarki ta fi, domin abin da ƙwaƙwalwa ke gani shi waya ke nunawa.

Hajiya Mai Golf: Ashe tsufa ne ya yi mata yawa. Allah ya ba da sa'a.

Mai Miata: Na gode ƙwarai jama'a. Gaskiya tsoron bayan tof ɗin nan ya kama ni. Tunda guntun bututun yana hannu, zan fara da tiyon sama ranar Asabar, in ga yadda abin yake.

Injiniyan Jos: Kafin ka yanka komai, gwada gejin a kicin. Haɗa shi da batir a kan tebur, ka tsoma kan sansar a ruwa mai tafasa ba tare da ya taɓa gindin tukunya ba, ka taɓa jikinta da wayar negatif. Kada ka sa ran ganin 100. Wannan a bakin teku ne. Duk tsayin mita 300 yana rage kusan digiri ɗaya, don haka a Kaduna ka nemi wajen 98, mu a Jos 96. In ya nuna maka 85 ko 110, mayar masa da kayansa.

Mai Miata: Salam. Rahoton Asabar. Gwajin tukunya ya yi, ya nuna 97 zuwa 98, uwargida dai ta ce kada in sake shigar mata da batir kicin. Na yanka tiyo, na saka bututun, na ɗaure kilif biyu, na haɗa waya yadda Oga Rewaya ya ce. Geji yana kawo haske, amma na bar mota a kunne minti ashirin allura na kwance a ƙasa. Tiyon kuwa ba ya taɓuwa don zafi. Me na ɓata?

Rewaya: Wayoyi nawa ne a kan sansar?

Mai Miata: Ɗaya.

Rewaya: To ga amsarka. Sansa mai waya ɗaya ta jikinta take komar da wuta. In a tof aka ɗaura ta, tof na haɗe da bulok, bulok na haɗe da negatif. Kai kuma ka ɗaura ta a guntun ƙarfen da roba ta riƙe ta hagu da dama. Ta ina wuta za ta koma? A tukunya ta yi aiki ne saboda ka taɓa mata negatif da hannunka. Duba jikin bututun, yawanci akwai ɗan ƙaramin sukuru. Ja waya daga nan zuwa noti a jikin inji. Farin tef na masu gyaran famfo fa, ka naɗa?

Mai Miata: Na naɗa sosai, kusan zagaye takwas, don kada ya yi yoyo.

Rewaya: Subhanallahi. Warware shi. Zagaye biyu ya isa, ka bar haƙoran farko tsirara. Tiredin nan mai tsukewa ne, shi da kansa yake toshe ruwa. Tef mai yawa na iya raba ƙarfe da ƙarfe, kuma ko bai raba duka ba, yana ƙara turjiya, geji ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Wannan ya fi allura a kwance haɗari, domin ita a kwance ka san ba ta aiki. In kana da mita, auna tsakanin jikin sansar da negatif ɗin batir, ya kamata ka ga kusan sifili.

Baba Makanike: Kuma tunda ka buɗe ruwa, iska ta shiga. Ɗaga gaban motar ko ka faka ta a tudu hancinta sama, inji a sanyi ka buɗe murfin lagireto, ka sa mazurari, ka tayar, ka bar ta har fanka ta tashi sau biyu kana matsa tiyo da tsumma kana ƙara ruwa. Kada ka taɓa buɗe murfin nan inji da zafi. Akwai yaron shagona da har yau tabon yana hannunsa.

Mai Miata: Alhamdulillahi ta tashi! Waya ɗaya tak. Kuma abin da Ɗan Jamus ya faɗa ya tabbata: allura na kwance kusan minti bakwai, sai kawai ta yi tsalle zuwa 80 da wani abu lokacin da tamostat ya buɗe. Jiya a hanyar Zariya tana tsakanin 86 da 90. Amma da na shiga cunkoso da esi ta kai 104. Tsohuwar allura? Ko motsi.

Mai E36: 104 ai ruwa ya tafasa ke nan, ka kashe mota!

Injiniyan Jos: Bai tafasa ba in murfin lagireto lafiyayye ne. Murfin motar nan yana riƙe matsi na 0.9 a ma'aunin bar, kuma a wannan matsin tsurar ruwa sai ya kai wajen 118 kafin ya tafasa. In rabi da rabi ne da kulant, ya fi haka. Wannan ƙugin da ya ji bayan ya kashe mota shi ya fi damuna, don yana nuna ko murfi ya saki, ko akwai wani lungu da ya fi inda muke aunawa zafi nesa ba kusa ba. Ka tuna 104 ɗin nan a gaba ne. Fanka a nawa take tashi? A mai 1.6 akwai makunni a kan murfin tamostat da ke tayar da ita a 97.

Mai Miata: Na lura, tana tashi allura na wajen 96 ko 97, in esi a kashe yake.

Ɗan Jamus: To makunnin lafiya. Ranar da ka yi shakkar fankar kanta, akwai ɗan baƙin akwatin gwaji a cikin bonet, ka haɗa bakunan da aka rubuta wa TFA da GND da guntuwar waya, makulli a buɗe, ya kamata ta juya. Turo mana hoton lagireton da na bayan inji.

Mai Miata: Ga su nan, na tura guda huɗu.

Baba Makanike: Tsaya. Hoto na uku, ƙara hasko mini wajen bango. Mene ne wancan a bakin tiyo?

Mai Miata: Kamar tsohon fulogi ne aka cusa aka ɗaure da waya. Ɗayan tiyon ma haka. Tun da na sayi motar haka na gan su.

Baba Makanike: An kashe hita ke nan. Aikinmu ne, na san shi. Hita ta fara yoyo a cikin mota, mai ita ya ce me zan yi da hita a Kaduna, sai a toshe tiyo biyun. A wasu motoci ba komai. Amma in maganar ɗan uwanmu na Jamus gaskiya ce, cewa ruwa na shiga ta gaba ya fita ta gaba, to ta ina ruwan bayan tof yake fita in ba ta wannan tiyon ba?

Ɗan Jamus: Baba, wallahi ka gama magana. Ni na kalli hoton ban gani ba. A motar nan hita ba ta da famfon rufewa, ruwa na bi ta cikinta kullum, ko ka kunna ko ba ka kunna ba, iska kawai ake karkatarwa. Wannan tiyon shi ne babbar mafitar ruwa daga bayan tof. An toshe shi, ruwan silinda ta huɗu ya zama kamar na kududdufi. Ga inda ƙugin yake fitowa.

Mai E36: Baba, na janye maganata ta farko. Abin da babba ya hango.

Baba Makanike: Ka biya tara, lemo ɗaya. Ɗana Mai Miata, cire fulogan nan, ka haɗa bakin biyu da tiyo ɗaya mai lanƙwasa, ruwa ya riƙa zagayawa. Kada ya karye a kwana, in ya karye daidai yake da toshewa. Ba ka ce kana neman wurin sansa ba? Ga shi Allah ya ba ka. Nemo ƙaramin bututu irin wancan daidai wannan tiyon ka saka a nan.

Injiniyan Jos: Wannan shi ne wurin. Ruwa ne da ya fito kai tsaye daga inda ya fi zafi, yana gudu tun daga tayar da inji, bai jira tamostat ba, kuma ba a taɓa tiredin tof ba. Auna cikin tiyon kafin ka saya, wajen milimita 16 ne. Ka sa shi kusa da tof gwargwadon iko, kan sansar ya shiga cikin ruwa sosai amma kada ya cike hanya. Ka juya ta gefe ko ƙasa-ƙasa, don in tana tsaye a sama kumfar iska a kanta za ta zauna. Wayar negatif kuma kada a sake mantawa.

Ɗan Jamus: In wata rana ka yi niyyar gyara hitar, bakunan bututunta da ke leƙowa ta bango laushi gare su, ana tsaga tsohon tiyo da reza ne, ba a murɗa shi da filaya. Sannan lagiretonka. Robar samansa baƙa ce daga kamfani. Taka a hoto ta koma ruwan ƙasa, alamar ta gasu ke nan, irin wannan ba ya sallama kafin ya fashe.

Ɗan Maraɗi: Wane ruwa kake zubawa ma tukuna? Mu nan da zafin watan Afrilu ya haura 40, wasu cewa suke tsurar ruwa ya fi sanyaya inji.

Injiniyan Jos: Ta fuskar ɗaukar zafi suna da gaskiya, tsurar ruwa ya fi gaurayen kulant kwashe zafi. Amma ba ya hana tsatsa, kuma inda ƙarfe da alminiyam suke cikin ruwa ɗaya sai sun ci juna. Tunda ba ƙanƙara muke tsoro ba, ba dole sai rabi da rabi ba, kashi ɗaya cikin uku na kulant ya wadatar. Ruwan kuma ya zama tatacce irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ɗin ba. Ban da na rijiya da na burtsatse.

Mai Miata: Salam jama'a, kwana tara ban leƙo ba. Na yi yadda Baba ya ce. Na mayar da sabon tiyon sama cikakke, sansa ta koma baya, na canja murfin lagireto. Yanzu allura na fara hawa tun minti na biyu, a hankali, ba tsalle. A hanya 90 zuwa 93. A cunkoso da esi ta kai 101 ta tsaya. In na kashe mota na sake murɗa makulli bayan minti biyar sai in ga ta haura da digiri biyar ko shida, amma ƙugin ya ɗauke ɗif.

Injiniyan Jos: Hawan bayan kashewa ba matsala ba ne, ruwa ya daina zagayawa ƙarfe kuma yana ci gaba da sakin zafinsa. Kada 93 ta tsorata ka don ta fi 90 ta da, wurin awon ne ya canja. Abin da za ka riƙe: in ka ga 105 tana ci gaba da hawa, kashe esi. In ta doshi 110, nemi gefen titi. In kuma tana sama sai ka ga ta faɗo haka kawai ba dalili, tsaya nan take, wataƙila ruwa ne ya zube sansa ta koma cikin iska.

Hajiya Mai Golf: A ina ka maƙala gejin a ƙarshe? Hoton da ka turo kamar a ramin esi na gan shi.

Mai Miata: Nan ne Hajiya. Ramukan esin motar zagayayyu ne, da ɗan zobe geji ya zauna kamar don shi aka yi. Sai dai na zaɓi na tsakiya da ke hura wa mai zaman gefe, uwargida kuma ta ce ko in cire agogona ko in nemi wadda za ta riƙa shiga. Zan mayar da shi ƙarƙashin rediyo.

Rewaya: In za ka mayar, kada ka yanka wayar ka murɗa da tef. Kawo in yi maka solda.

Baba Makanike: Lagireton fa? Ko sai ya fashe maka a hanyar Zariya?

Mai Miata: An samo mini a Panteka, Baba, amma na hannu ne, shi ma robarsa ta fara sauya launi. Na ce a bari. Na aika a duba sabo a Ƙofar Ruwa ta Kano, in babu sai Legas.

Baba Makanike: In ya iso ka kawo ta da sassafe kafin inji ya ɗau zafi. Ka taho da tsohon tamostat ɗin da ka cire in yana nan, ina so in jefa shi a ruwan zafi in gani ko shi ma yana buɗewa.